Fangali Ɗaya Don Isiyaku

Litinin, 9 ga Fabrairu 2009, bayan azahar

Na share ofis, na zuba wa janareta mai, na zauna gaban kwamfuta ban kunna ta ba.

Jiya kwamitin ƙungiyarmu ta manoman rani ya zauna. Ni, Badamasi, ni ne sakatare, kuma ni ke riƙe da makullin zauren intanet ɗin da Taufiq, wani matashin garinmu, ya kafa mana kafin ya tafi ƙaro karatu. Asali don farashin kwandon tumatir aka yi shi, da sanar da ranar ruwa, saboda 'yan'uwanmu da ke Kano da Legas da Jidda waɗanda ake yi wa noma a gida. Bara ya ƙara masa wani abu da ake kira bulog: kowane mamba ya sami shafinsa, ya rubuta abin da ya ga dama.

An yanke cewa daga yanzu mai gona a layin ruwanmu ne kaɗai zai yi rubutu a shafinsa. Alhaji Dattijo, shugabanmu, ya ce dalilin a fili yake. Mai gona in ya rubuta abin tayar da fitina, sai a yanke masa ruwa ya shiga hankalinsa. Wanda ba shi da gona fa, ta ina za a kama shi? Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, na rubuta da kyakkyawan rubutuna.

Ba wanda ya ambaci abin da ya faru a ƙofar ruwa. Ba wanda ya ambaci Isiyaku.

Talata, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Tun aji ɗaya na sakandare muke tare da Isiyaku. Shi ne mai baki, ni ne mai riƙe masa jaka. Shekarun baya ya faɗi a gona, ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Gonarsa ta tafi wajen magani. Yanzu kullum matarsa Kubra kan fito da shi ƙofar gida ta jingina shi da bango, yana fuskantar babban kanal da ƙofar ruwan da ake raba mana ruwa daga gare ta.

Da babban yatsan hagu yake rubutu a waya. Layi uku kan ci masa rabin safiya. Ta shafin nan yake gaisawa da mutane, ta nan yake tsokana, ta nan ma ya yi wa ƙanwarsa ta'aziyyar mijinta.

Na karanta na ƙarshe da ya sa: "Yau ruwa ya zo da launin shayin da aka yi wa rowar madara. Balbelu sun yi taro a kan kwalbati. Ba su gayyaci Badamasi ba, shi ya sa ba a rubuta komai ba."

Na yi dariya ni kaɗai a ofis.

Laraba, bayan la'asar

Ban taɓa ba tukuna.

Juma'a, 13 ga Fabrairu, bayan an sauko daga masallaci

Alhaji ya tare ni wajen takalma ya tambaya ko an gama. Na ce sabis ne ba kyau. Ya ce sabis ɗin da ke ɗauko farashin tumatir kullum zai iya ɗauko wannan ma.

Na koma na yi. Na buɗe sabon rukuni na kira shi Masu Gona, na zuba sunaye ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa. A gaban kowane rukuni akwai tambaya, ko zai iya rubutu a shafinsa, da amsoshi uku: eh, a'a, da faufau. Na ba Masu Gona eh. Sauran mambobi na ba su faufau, don na ga ya fi kama da abin da kwamiti ke nufi.

Kafin magariba Alhaji ya kira. Ya so ya sa sanarwar taki, shafinsa ya ƙi buɗewa. Ashe faufau na danne komai, kuma mai gona ma ai mamba ne. Na rufe bakin kowa, har da nawa. Ya ce, "Sakatare, na ce ka rage ruwa, ban ce ka rufe dam ba." Na ba shi haƙuri, na mayar da ita a'a. Na sake dubawa. Na kuma sake.

Na ɗan wani lokaci duk bakinmu ɗaya da Isiyaku. Ban san dalilin da ya sa wannan ya yi mini daɗi ba.

Asabar, bayan asuba

Na yi mafarki ƙananan akwatunan da ke kan allon kwamfuta sun zama fangali, irin gidajen ruwan nan da muke yankawa a gonar rani, jere har iyakar gani. Ina tafe a kan kunya da fartanya, duk wanda na taɓa sai ya cika da ruwa, sararin sama ya kwanta a ciki. Ɗaya ya ƙi cika. Na durƙusa na leƙa, sai na ga ba ƙasa ba ce, bango ne aka kwantar.

Matata Iyatu ta ce na yi ta motsa hannu kamar mai fasa kunya.

Litinin, 16 ga Fabrairu, bayan la'asar

Kubra ta zo gidanmu. Na same ta zaune da Iyatu wajen tukunyar turara shinkafa, tururi ya rufe su har ban gane ta ba sai da ta gaishe ni. Ta miƙo wayar. Ta ce abokin nawa ya aiko ta, waya ta lalace, in ya gama rubutu sai ta fito da wani Turanci ta haɗiye abin da ya rubuta. Ta kai wa mai gyara a bakin tasha ya busa ta, ya canza batir, ba ta daina ba.

Na karanta Turancin. Cewa yake ba ka da izini.

Na ce mata zan duba. Na riƙe wayar a hannu har ta tafi, sannan na tuna ban mayar mata ba, na bi ta da sauri.

Talata, da yamma

Na je. Yana inda yake zama. Rana ta faɗa cikin kanal, ruwan ya yi ja yana tafiya a hankali kamar ba ya son isa inda za shi. Na zauna kusa da shi na yi maganar tumatirina da ya fara fure, na yi maganar tsadar mai, na yi maganar wani malaminmu na lissafi da ya rasu. Ya bar ni na gama duka.

Sannan na faɗa masa. Na ce kwamiti ne, na ce doka ce ta kowa, na ce ba don shi aka yi ba. Ya dube ni da idon nan nasa na hagu. Ya ɗauki waya ya daɗe yana dannawa, ya juyo mini da ita.

"Da hannunka?"

Na ce eh.

Ya ɗaga haɓa ya nuna ƙofar ruwa. An sa mata sabon kwaɗo, yana ƙyalli. Ban kalla sosai ba.

Alhamis, 19 ga Fabrairu, da hantsi

Ranar ruwanmu. Na ba tumatir ya sha sosai. Ina son lokacin da ruwa ya fara shiga busasshen fangali, yana tura ɗan karmami a gabansa, ƙasa tana huci. Na tsaya har inuwata ta bayyana a ciki, sannan ta karkace.

Komai daidai yake. Na rubuta wannan don in ga yadda zai yi kama a rubuce.

Ranar kasuwar Bunkure, bayan azahar

Na je sayen igiyar ɗaure kwando. An ce an sallamo Hambali daga asibiti, mutumin nan na gonakin ƙarshen layi da aka raunata a ƙofar ruwa. An ce hannunsa ba zai ƙara riƙe fartanya ba. Shi kuma ya ce ta baya aka zo masa, bai ga kowa ba. Abin da ya kai shi ƙofar ruwa ran nan kowa ya sani, albasarsa ce ke ƙonewa alhali ranar ruwansu ce.

Mai igiya ya ce masu bincike sun bi gida gida a layin da ke kallon ƙofar ruwa suna tambaya, sun tsallake mutum ɗaya, don sun ga ba ya magana. Ya faɗi wani suna ƙasa-ƙasa, ya ce ɗan wa ne. Ba zan rubuta ba. Zancen kasuwa ne.

'Yan Legas da 'yan Jidda ne suka cika shafukansu da zage-zage, su aka yi wa dokar. Haka aka ce a taro. Haka na rubuta.

Lahadi, bayan magariba

Igiyar da na sayo ta yi gajarta.

Talata, 24 ga Fabrairu, bayan la'asar

Kubra ta gaya wa Iyatu, Iyatu ta gaya mini. Ya daina yarda a fito da shi. In an ɗaga shi sai ya saki jiki kamar buhu. Yana kwance yana kallon bango, wayar na ƙarƙashin matashi ba caji, ya hana a kai ta. Kunu ma sai an yi da gaske. Kubra ta ce irin wannan kwanciyar ya yi farkon ciwon, kafin Taufiq ya koya masa rubutu a waya, kuma a lokacin har sun fara cire rai.

Iyatu ta faɗi wannan tana juya shinkafa a kan tabarma, ba ta dube ni ba.

Laraba, da hantsi

Na sa sunansa a Masu Gona. Ba wanda ya gani. Na zauna ina kallon sunan a tsakanin sauran, ya yi kyau a wurin. Janareta na ta kaɗawa, wani ƙadangare a taga yana gyaɗa kai kamar ɗan kwamiti.

Na cire.

Amana aka ba ni. In na fara sa wanda nake so a ɓoye, gobe wani zai ce in cire wanda ba ya so a ɓoye, kuma ba ni da bakin ƙi. Ko kuwa tsoro ne kawai na sa masa babbar riga? Na juya abin ta kowane gefe. Duk gefen da na juya, ni nake gani.

Asabar, 28 ga Fabrairu, bayan azahar

Yau aka yi gayyar yashe kanal. Laka har gwiwa, ƙafafuna sun yi sanyi, kaina ya yi zafi. Da aka zauna hutu Surajo, ɗaya daga cikin manomanmu, ya kawo wani baƙo gaban Alhaji, ya ce ya ara masa fangali biyu a gonarsa zai sa latas. Aka kira shaidu biyu, aka yi musabaha, Alhaji ya ce wa baƙon ya shiga layi, ranar yasa ya fito, ranar ruwa ya sha. Haka ake yi tun ana haƙa kanal ɗin nan. Na sha ganin haka ban taɓa kallo ba.

Surajo ya matso ya ce in sa mutuminsa a kwamfuta shi ma. Na ce to. Na riƙe shebur ina kallon ruwan da ya rage a gindin kanal, gajimare ɗaya na ciki, ƙananan kifaye na ratsa shi.

Lahadi, bayan asuba

Na gaya wa Iyatu ina so in ara wa Isiyaku fangali ɗaya. Ta gane kafin in ƙarasa. Ta tambaya in aka yanke masa ruwa ta ina za a yanke. Na ce a bakin gonata, don magudana ɗaya ce. Ta tambaya ko na san abin da zai rubuta. Na ce ban sani ba. Ta ce in daina, ita ba kwamiti ba ce.

Ta lissafo abin da muka jingina a kan tumatirin nan, rufin ɗakin da ke yoyo da sauransu, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce tumatirin bai iya karatu ba, bai san hawa ba bai san sauka ba, shi za a hukunta.

Da na tashi fita ta ce, "Baban Yusra, in za ka ba shi, ba shi na bakin hanya. Kada a ce sai an ɗauke shi an ratsa gona da shi kafin ya ga abinsa."

Litinin, 2 ga Maris, bayan la'asar

Na sami Alhaji a injin casarsa. Ƙaiƙayi na yawo a cikin hasken da ke shigowa ta rufi, ya sauka a hularsa, a girarsa. Na zo da Surajo da limamin unguwarmu. Na faɗi abin da ya kawo ni, muryata ta fito siririya.

Ya tambaya wa zai yi wa Isiyaku yasa. Na ce ni. Wa zai ba da ruwa? Ni. Ya yi murmushi ya ce ashe dai gonar tawa ce, suna ne nasa. Liman ya ce aro aro ne, ba a taɓa tambayar wanda aka ara wa ko da hannu nawa zai yi aiki ba.

Alhaji ya sa aka kashe injin. Wurin ya yi tsit har ina jin kunnena na ƙara.

"Malam Badamasi, ruwa ba ya zaɓen fangali. In aka toshe, bakin gonarka za a toshe."

"Na sani, Alhaji."

"Kana da iyali."

"Ina da su, ranka ya daɗe."

Ya miƙo hannu. Tafinsa a bushe yake, da ɗumi. Mutumin nan shi ya biya mini kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifina ya rasu. Ban san abin da ya sa na tuna wannan a daidai lokacin ba.

Talata, da hantsi

Na sa sunan. Na sake dubawa. Na karɓo wayar na yi mata caji a ofis, na mayar masa da kaina. Yana kallon bango. Na yi wa bayansa bayani: yanzu kai mai gona ne, fangali ɗaya, na bakin hanya, kusa da bishiyar zogale. Na gaya masa sharaɗin ma, don kada ya ji a bakin wani.

Bai juyo ba. Na ajiye wayar kusa da hannun hagunsa.

Alhamis, 5 ga Maris

An sha ruwa. Shafinsa shiru.

Asabar, bayan azahar

Ya rubuta: "An ce na zama manomi. Ina neman ɗan ƙwadago mai haƙuri, wanda ya iya duba abu sau uku."

Kubra ta ce ya sha kunu kofi guda, ya nuna a fito da shi.

Na karanta wa Iyatu, ta yi dariya har ta share ido da gefen zani. Na ji kamar an buɗe taga a ƙirjina. Wataƙila a nan zai tsaya. Wataƙila balbelu kawai yake so ya ci gaba da ba mu labarinsu. Allah na gani, na yi fatan haka.

Laraba, 11 ga Maris, bayan asuba

Jiya, ana tsakiyar hidimar Mauludi, ya rubuta.

Ba shi da tsawo. Ba zagi a ciki. Ya faɗi abin da ya gani daga ƙofar gidansa ran da aka fasa kwaɗo, da wanda ya gani, da abin da ke hannunsa. Ya ce ya jira a tambaye shi ba a tambaye shi ba.

Ba zan kwafe shi a nan ba. Yana can inda kowa zai gani.

Laraba, bayan la'asar

Kwamiti ya zauna. Alhaji bai zo ba, mataimakinsa ya jagoranta. An ce ba a ce ƙarya ba ce, ba a ce gaskiya ba ce, an ce tayar da fitina ce. Ranar ruwa biyu za a yanke, sai dai in mai shafin ya goge da kansa ya ba da haƙuri. Wani ya ce ai sakatare ma zai iya gogewa. Na ce ba a ba ni wannan a doka ba. Na ji mamakin muryata.

Ni na rubuta hukuncin. Rubutun bai yi kyau kamar kullum ba.

Alhamis, 12 ga Maris, da hantsi

Na je gona duk da haka. An jera buhunan yashi a bakin magudanata. Ruwa ya zo, ya dafa su, ya wuce gonar maƙwabci. Ban taɓa lura yana da murya haka ba.

Zafi ya fara. Ganye kan yi laushi da rana, ya farfaɗo da yamma. Zuwa yaushe, ban sani ba.

Asabar, bayan magariba

An ce masu bincike sun dawo, sun zauna a tabarmar Isiyaku, suna tambaya yana dannawa. An ce ɗan'uwan Hambali ya zo ya tsaya daga nesa ya daɗe, sannan ya tafi. Wasu sun daina amsa mini sallama da kyau. Wasu sun fara.

Furen ya fara zuba. Ƙanana, rawaya, a kan busasshiyar ƙasa.

Litinin, 16 ga Maris, bayan la'asar

Shi ya matsa sai an kai shi. Na aro amalanken shanu, muka shimfiɗa tabarma, ni da Kubra muka ɗora shi. Muka bi gefen kanal a hankali. Ruwa na tafiya ta gefenmu, inuwar ƙahonin shanun na tafiya a cikinsa, sai na ga kamar mu ne a tsaye duniya ke wucewa.

Muka zaunar da shi a kan kunya, bayansa jikin zogale. Ya dubi fangalinsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sauran gonar, har ƙarshe. Ganyen ya naɗe, ƙasa ta tsage. Ya sa yatsa a wata tsaga, ta haɗiye shi har gaɓa ta biyu. Ya tsinci fure ɗaya ya riƙe.

Kubra ta koma wajen shanun ta ba mu baya.

Ya ciro waya. Ya daɗe. Ya juyo mini da ita.

"In goge?"

Na san in ya goge yau, Alhamis ruwa zai shigo, kuma rabin gonar zai tashi. Na san in ba a goge ba, abin da zan tsinta ba zai wuce kwanduna kaɗan ba. Na tuna rufin ɗaki. Na tuna hannun Alhaji. Na nemi wani gefen da zan juya abin in sake dubawa, ban samu ba.

Na ce, "Bar shi."

Ya ci gaba da kallona, kamar yana ba ni dama in janye. Na ce, "Na ce ka bar shi, Isiyaku."

Ya sa wayar a aljihu. Ya sunkuya da ƙyar, ya kama wata ciyawa a gefen fangalin da hannun hagu, ya ja har ta fito da saiwarta. Ya jefo mini ita a ƙafa, ya nuna sauran da haɓa, fuska a murtuke, irin ta mai gonar da ya zo ya tarar ba a yi masa aiki ba.

Na tuɓe takalmi na shiga.